Ƙirƙirarriyar basira a horon likitocin raɗaɗi: mece ce, kuma ina ta shafi Matamaye?

Likitancin raɗaɗi fanni ne na aikin asibiti da ya keɓanta da gano musabbabin ciwo, auna tsananinsa da sauƙaƙa shi, ko da cutar da ta haddasa shi ba mai warkuwa ba ce. Ƙirƙirarriyar basira kuwa, wadda masu Faransanci ke taƙaitawa da IA, masu Ingilishi kuma AI, manhajoji ne na kwamfuta da ake ɗura wa misalai masu ɗimbin yawa, hotuna ko rubutu ko murya, har su iya gane makamancinsu idan an kawo masu sabo. A ƴan shekarun nan abubuwan biyu sun haɗu a makarantun likitanci na Turai da Amurka da Asiya, inda ake sa na'ura ta nuna wa ɗalibi inda zai soka allura, yadda zai yi wa majinyaci tambaya, da yadda zai lissafa magani.

Mai karatu a Matamaye zai iya cewa wannan zance ne na nesa. Sai dai yaron da ke birgima da ciwon emasi cikin dare, da matar da aka yi wa fiɗa aka ciro jariri, da tsohon da sankara ta ci ƙarfinsa aka sallamo shi gida daga Yamai, duk suna hannun ma'aikacin da ya koyi wannan aiki ko kuma bai koya ba.

Asalin fannin

Fannin ba tsoho ba ne. Wani likitan sa barci ɗan Amurka, John Bonica, wanda ya yi jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya wallafa babban littafi na farko a kansa a 1953, kuma taron da ya kira a 1973 shi ya haifar da ƙungiyar masana raɗaɗi ta duniya, IASP. A Ingila, Cicely Saunders ta buɗe gidan jinyar masu cutar ajali na St Christopher a 1967, tana koyar da cewa raɗaɗin mai mutuwa ya haɗa da na jiki, na zuciya, na iyali da na imani. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da tsani mai hawa uku na maganin ciwon sankara: a fara da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa irin su kodin, in ciwo ya tsananta a ba da mofin. A Faransa dokar 4 ga Maris 2002 ta sa sauƙaƙa raɗaɗi cikin haƙƙoƙin majinyaci, kuma likita kan yi ƙarin karatu bayan digirinsa kafin a kira shi ƙwararre a fannin.

Masana na raba ciwo gida biyu. Akwai na ɗan lokaci, kamar na karaya ko ƙuna ko bayan fiɗa. Akwai kuma wanda ya zarce wata uku, wanda sabon kundin cututtuka na OMS da ya fara aiki a 2022 ya ba shi rukuni nasa na kansa. Ta fuskar musabbabi ma ba ɗaya ba ne: zogin nama da ƙashi daban, raɗaɗin jijiyar da ta lalace daban, irin wanda mai ciwon sukari ke ji a tafin ƙafa kamar an zuba masa barkono. Wannan na biyu ba kasafai yake jin farasitamol ba, yana da nasa magunguna. Rarrabe su shi ne darasi na farko, kuma ba a yin sa sai da tambaya da saurare.

Wa ke wannan aiki a wurinmu?

Nijar ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba. Likitocin sa barci, waɗanda daga cikinsu ne galibin ƙwararrun raɗaɗi ke fitowa a duniya, ba su kai ɗaya ga mutum 100,000 ba, alhali tarayyar ƙungiyoyinsu ta duniya, WFSA, ta ce aƙalla a samu biyar. Yawancin ƴan kaɗan da ke akwai suna manyan asibitocin ƙasa. Ana horar da likitoci a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, kuma tun shekarun 2000 ƙasar ke ba likitoci na gama-gari ƙarin horon fiɗa don su riƙe ɗakunan tiyata na gundumomi.

Don haka a asibitin gunduma irin na Matamaye, hedkwatar gundumar Kance, mai nisan kilomita 80 da wani abu daga birnin Damagaram, wanda ke fuskantar raɗaɗin majinyaci shi ne likita na gama-gari, da ma'aikacin sa barci, da ungozoma, a ƙauyuka kuma majo na CSI. Duk lokacin da aka ce "horar da likitocin raɗaɗi", a nan su ake nufi. Tambayar da ta dace da mu ita ce ko na'ura za ta iya kai wa waɗannan mutane ilimin da malami ba ya iya kai masu saboda nisa da ƙarancin malamai.

Koyarwa daga nesa ba sabon abu ba ne a yankin. Shirin RAFT, wanda asibitin jami'ar Janeba ya fara da Mali a 2001 kuma Nijar ta shiga daga baya, yana watsa darussa ta intanet mai rauni ga ma'aikatan lafiya na ƙasashen renon Faransa. Akwai kuma gajeren kwas na EPM da likitoci biyu, Roger Goucke da Wayne Morriss, suka tsara a 2010, wanda ya tsaya kan abu uku: ka gane akwai ciwo, ka auna shi, ka magance shi. Bambancin da IA ta kawo shi ne tana amsawa nan take, kuma tana duba aikin ɗalibi yayin da yake yinsa.

Allura da hoton ekogarafi

Inda aka fi samun tabbatacciyar hujja shi ne wajen kashe jijiya. Maimakon a sa mutum barci gaba ɗaya, ana iya zuba maganin kashe zafi kusa da jijiyar da ke kai saƙo daga hannu ko ƙafa ko bangon ciki, sai wurin ya mutu na wasu awanni. Amfanin wannan ga asibitin da iskar oksijan da injin numfashi suka yi ƙaranci a bayyane yake: majinyaci na numfashi da kansa, kuma bayan aiki buƙatarsa ta mofin na raguwa. Haɗarin shi ne jijiyar na kwance kusa da hanyar jini, a wasu wuraren kusa da huhu. In allura ta kauce maganin ya shiga jini, yana iya jawo jijjiga ko ya tsayar da zuciya.

Shi ya sa ake yin aikin da na'urar ekogarafi, irin wadda mata masu ciki suka sani. To amma hoton toka-toka ne, kuma sabon ɗalibi ba ya ganin komai a ciki sai hazo. Ƙwararre kan shafe watanni yana tsaye bayan ɗalibi yana nuna masa da yatsa: ga jijiya, ga hanyar jini, ga ƙashi. Wannan nuni da yatsa ne aka koya wa na'ura. Manhajar ScanNav, wadda kamfanin Intelligent Ultrasound na Birtaniya ya ƙera, tana shafa launi a kan hoton yayin da ake dubawa, kowace gaɓa da kalarta. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a Oktoban 2022. A wani gwaji da likita James Bowness da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar likitocin sa barci ta Birtaniya a 2023, likitoci 21 da ba su ƙware a wannan aiki ba sun samo hoton da ya dace a kusan kashi 90 cikin 100 na dubawa idan da taimakon manhajar, kusan kashi 75 kuma idan babu. A Turkiyya ma an ƙera makamanciyarta mai suna Nerveblox.

A lura da abin da gwajin ya auna: samo hoto da gane abin da ke cikinsa. Bai auna ko majinyata sun fi samun sauƙi ba, kuma na'urar ba ta riƙe allura. Hannun ɗalibi ne ke rawa ko ya tsaya. Duk da haka, a ganina wannan ne ɓangaren da ya fi dacewa da mu, domin yanzu akwai ƙananan na'urorin ekogarafi da ake jonawa da wayar hannu, irin su Butterfly iQ, kuma hoto ba ya buƙatar fassara daga Ingilishi zuwa Hausa.

Majinyacin bogi da malamin da ba ya gajiya

Hanya ta biyu ita ce manhajojin hira, waɗanda duniya ta sani tun fitowar ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamban 2022. A Fabrairun 2023 wani bincike ya nuna manhajar ta kai ko ta kusa kai makin cin jarrabawar lasisin likitoci ta Amurka, wato wajen kashi 60 cikin 100. Malamai na amfani da su ta fuska biyu. Ana sa manhaja ta zama majinyaci, a ce mata ke mace ce mai shekara 50 da ciwon baya na wata takwas, ɗalibi ya yi ta tambaya, daga ƙarshe ta faɗa masa abin da ya manta bai tambaya ba. Ana kuma sa ta shirya tambayoyin bita, ko ta bi ɗalibi mataki-mataki wajen lissafin sauya magani daga allura zuwa na sha.

Hanya ta uku ita ce karanta fuska. Manhajar PainChek, wadda ta samo asali daga Jami'ar Curtin ta Ostireliya, tana duba motsin fuskar tsofaffin da ciwon mantuwa ya hana su magana, ta haɗa da wasu alamomi ta ba da maki. Ga ɗalibi, darasi ne kan abin da ya kamata ido ya kama a fuskar wanda ba ya iya cewa komai.

Inda na'ura ke tuntuɓe

Matsala ta farko harshe ce. Bahaushe ba ya tsayawa kan "ciwo". Kai na sara, ciki na murɗa, haƙori na zogi, ƙirji na suka, gaɓoɓi sun yi tsami, ƙafa na raɗaɗi kamar wuta. Kowace kalma alama ce ga mai saurare: murɗa na nuna hanji ko mahaifa, raɗaɗi mai kama da wuta ko tafiyar kiyashi na nuna jijiya. Tambayoyin McGill da Ronald Melzack ya tsara a Kanada a 1975 sun ginu ne kan irin waɗannan kalmomi, amma na Ingilishi. Ɗalibinmu yana karatu da Faransanci, manhajar ta fi ƙwarewa a Ingilishi, majinyaci kuma yana magana da Hausa, ko Fillanci, ko Barbarci. Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar da kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025, amma rubutun likitanci da Hausa da za a ciyar da na'ura da shi bai taka kara ya karya ba. Wanda ya yi atisaye da majinyacin bogi mai amsawa da tsararren Faransanci zai tarar da wani abu daban a ɗakin jinya, inda sau da yawa miji ko suruka ke amsawa a madadin mara lafiya.

Sai dauriya. Mace mai haihuwar fari an tarbiyyantar da ita kada a ji kukanta, namiji kuma kunya ce ya yi raki gaban ƙannensa. Manhajar da ta koyi fuskar ciwo daga wasu al'ummomi tana iya kallon wannan fuska a daure ta ce lafiya lau. Ungozomar da ta daɗe a aiki ta san ta duba gumi da yadda aka damƙe bakin gado.

Matsala ta biyu son zuciyar da na'ura ke gada daga littattafai. A 2016 wani bincike na Jami'ar Virginia kan ɗalibai da sababbin likitoci farar fata 222 ya gano kusan rabinsu sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsa ta fi kauri, kuma masu wannan ra'ayi sun fi raina ciwon baƙar fata. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada manyan manhajojin hira huɗu, suka tarar suna maimaita irin waɗannan kurakurai a wasu amsoshinsu. Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. A 2021 Emma Pierson da abokan aikinta sun koya wa na'ura duba hoton gwiwa ta hanyar abin da majinyata suka ce suna ji, ba abin da likitoci suka rubuta ba. Tsohon ma'aunin da aka tsara a Ingila a 1957 ya iya bayyana kashi 9 cikin 100 kacal na ratar ciwo tsakanin baƙaƙe da farare, na'urar ta bayyana kashi 43. Ma'ana, ciwon yana nan cikin gwiwa, ma'aunin ne bai gani ba. Abin da aka ɗura wa na'ura shi take mayarwa.

Ta uku, manhajar hira na iya ƙirƙiro amsa da cikakkiyar gadara, har da sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. A fannin raɗaɗi wannan ba abin wasa ba ne. Ana lissafa maganin yaro da nauyinsa, kuma ɗigo ɗaya da ya kauce a lissafin mofin na nufin ninki goma, wanda ke iya tsayar da numfashi. Jagororin da OMS ta fitar a Yunin 2021 da Janairun 2024 duk sun nanata cewa alhakin hukunci na kan ɗan Adam.

Akwai kuma lalacewar hannu. Wani bincike daga Folan da aka wallafa a 2025 ya nuna likitocin da suka saba duba hanji da taimakon IA, da suka yi aikin babu ita, gano ƙarin da suke yi ya sauka daga kusan kashi 28 zuwa kusan 22 cikin 100. A garin da wuta ke ɗaukewa, wannan gargaɗi ya fi nauyi. Mutanen jihar Damagaram ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba a dawo da ita ba sai bayan ɗage takunkumi a 2024. Ma'aikacin da bai iya gane jijiya ba sai da launi, ranar da batir ya mutu ya koma ɗan koyo.

Ilimi ba tare da magani ba

Ko an horar da kowa, sai da abin da za a ba majinyaci. Kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2017 cewa mutum sama da miliyan 61 ke fama da matsananciyar wahalar rashin lafiya kowace shekara, kuma cikin tan 298.5 na mofin da danginsa da ake rabawa a duniya, tan 0.1 kawai ke isa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mofin ba shi da tsada. Abin da ke tare shi shi ne takardun izini ƙarƙashin yarjejeniyar 1961, da raunin kiyasin buƙata, da tsoron da ma'aikata ke yi kada su mai da majinyaci ɗan ƙwaya.

Wannan tsoro yana da tushe a wurinmu, domin kowa ya ga abin da taramol ya yi wa matasa. Maganin asibiti ne, ana ba da shi miligiram 50 ko 100, ba a wuce 400 a yini, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya. Sakamakon abin takaici ne: ɗan kabu-kabu na samun taramol a bakin tasha, mai sankara kuma na rasa mofin a gadon asibiti. Mai emasi ya fi kowa shan wahalar wannan zargi. Ana kiyasin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a wannan yanki na ɗauke da ƙwayar halittar cutar, cibiyar ƙasa da ke kula da ita tana Yamai, kuma ƙa'idar Birtaniya ta 2012 ta ce a ba mai rikicin emasi maganin ciwo cikin minti 30 da isowarsa. Yaron da ya san sunan maganin da ke yi masa aiki saboda ya sha kwanciya, sau da yawa shi ake yi wa kallon mai neman ƙwaya. A nan atisaye da majinyacin bogi na iya yin amfani na gaske, in an tsara shi da labarin irin wannan yaro, ya koya wa ɗalibi bambance mai jin ciwo da mai jaraba.

Yuganda ta nuna hanyar da ba ta jira na'ura ba. Likita Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, ta fara haɗa mofin na ruwa mai araha, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta shi. 

Sirrin majinyaci

Hoton fuska ko na ekogarafi da aka ɗora a manhaja yakan tafi kwamfutocin wata ƙasa. A Nijar bayanan lafiya na cikin waɗanda doka ta fi tsaurarawa a kansu. Ɗalibin da ya kwafe labarin majinyaci da sunansa da ƙauyensa ya liƙa a manhajar hira don neman shawara ya fitar da sirrin da ba nasa ba. Majinyaci na da damar tambayar inda hotonsa zai je, yana kuma da damar ƙi.

Abin da majinyaci zai iya yi

Ko da na'ura ko babu, ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya tambaya ce guda: daga 0 zuwa 10, ciwon nawa ne? Sifili babu ciwo, 10 mafi tsananin da mutum zai iya tunani. Ga yara da waɗanda lissafi bai zauna masu ba, ana nuna jerin fuskoki su zaɓa. Mai jinya zai taimaki ma'aikaci idan ya faɗi inda ciwon yake, yaushe ya fara, da wace kalma mara lafiya ke siffanta shi, me ke tayar da shi, da duk abin da aka riga aka sha, har da na mai tebur da na gargajiya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin farasitamol na ɓoye cikin magungunan mura da yawa kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini, su diklofenak da ibuforofen kuma suna cutar da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai tsohon ciki. In an ba da magani, a koma a faɗa wa ma'aikaci bayan kamar awa ɗaya ko lambar ta sauka.